Bin Diddigin Zuriyar Kanar William Light, Safiyon da Ya Yanka Birnin Adelaide

Wani ɗan'uwa da ke karatu a tsibirin Penang na ƙasar Malesiya ya aiko da tambaya. Ya ce dattijon da ya ba shi hayar ɗaki ya sha gaya masa cewa shi tattaɓa-kunnen Kanar William Light ne, Baturen nan da ya auna kuma ya tsara birnin Adelaide a Kudancin Ostireliya, kuma wai kakarsu ta asali gimbiya ce, 'yar Sarkin Kedah. Dattijon ba shi da wata takarda a hannu sai sunan Light da ya gada, shi ya sa ya roƙi ɗan'uwan namu ya taya shi bincike. Tambayar ita ce daga ina za a fara, kuma ta yaya za a rarrabe abin da ya tabbata da abin da baki ya ƙara wa gishiri.

Malam, gara in fara da abin da zai yi wa dattijon nauyi, domin kada ku ɓata watanni kuna haƙa a inda babu ruwa. Duk takardun da masana tarihi suka tattara a kan William Light ba su nuna cewa ya bar ɗa ko 'ya na cikinsa ba. Wannan bai mayar da dattijon maƙaryaci ba, domin akwai hanyoyi fiye da ɗaya da sunan Light ya bi ya iso zamaninmu, kuma ɗaya daga cikinsu ta ratsa ta Penang ɗin da kuke zaune. Aikinku shi ne ku gano wace ce tasa.

Ƙa'idar wannan sana'a guda ce, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ta: isnadi ba ya inganta sai kowane mai ruwaya ya haɗu da wanda ya karɓa daga gare shi. Nasaba ma haka take. Ana farawa ne daga mai rai a yi baya, daga dattijon zuwa mahaifinsa, daga mahaifinsa zuwa kakansa, kowace gaɓa da takardar da ta ɗaure ta da ta gaba, ko ta haihuwa, ko ta aure, ko ta mutuwa, ko wasiyya. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya fara daga shahararren mutumin ya gangaro, yana neman inda zai liƙa kansa. Wanda ya yi haka ba ya rasa reshen da zai rataya a kai, tun da ya riga ya yanke hukunci kafin ya saurari shaidu. Saboda haka kafin ku buɗe ko da shafi ɗaya a kan Kanar, ka zauna da dattijon da takarda da alƙalami, ka rubuta cikakken sunan mahaifinsa da na kakansa, cocin da aka yi musu baftisma, inda suka yi aiki, da maƙabartar da aka binne su. Ka tambaye shi ko akwai tsohon Littafi Mai Tsarki na gidansu, domin iyalan Kirista na wancan zamani sun saba rubuta ranakun haihuwa da mutuwa a shafukan farko nasa. Ka kuma rubuta daga bakin wa ya ji labarin gimbiyar, da shekarun da yake da su lokacin da ya ji.

Bayan haka ne sanin gidan Light ɗin kansa zai yi muku amfani, don ku san inda igiyar za ta iya haɗuwa. Mahaifin William shi ne Kyaftin Francis Light, wanda aka yi wa baftisma a ƙauyen Dallinghoo na gundumar Suffolk a Ingila ranar 15 ga Disamba 1740. Tun daga nan mai bincike zai ci karo da darasi na farko, domin Light sunan mahaifiyarsa Mary ne. Mahaifinsa, bisa abin da aka daɗe ana ɗauka, wani mai gonaki ne da ake kira William Negus, wanda bai aure ta ba, ko da yake ya ɗauki nauyin karatun yaron a makarantar Woodbridge. Wanda ya shiga rajistar coci-coci na Suffolk yana neman kakannin Francis na wajen uba a ƙarƙashin sunan Light zai tattaro mutanen da ba su haɗa komai da shi ba. Francis ya yi aikin sojan ruwa, daga baya ya koma fatauci a tekun gabas, ya zauna shekaru a tsibirin Phuket na ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, kuma shi ne ya karɓi Penang daga hannun Sarkin Kedah, Sultan Abdullah, a madadin Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila, ya kafa tuta ranar 11 ga Agusta 1786. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe shi a watan Oktoba 1794, kuma kabarinsa na nan a tsohuwar maƙabartar Furotesta ta George Town, inda za ka iya zuwa da ƙafarka ka karanta abin da aka rubuta a kai.

Mahaifiyar William ita ce Martina Rozells, kuma a kanta ne maganar gimbiya ta taso. Asalin labarin a rubuce ya koma ga wani hafsan kamfanin mai suna Elisha Trapaud, wanda ya buga ɗan bayani a kan tsibirin a 1788, inda ya ce Sarkin Kedah ya aurar wa Light 'yar gidan sarauta, ya haɗa masa da tsibirin a matsayin gara. Labari ne mai daɗin ji, shi ya sa ya yi ta yawo daga littafi zuwa littafi har ya zauna a bakin zuriya. Amma takardun yarjejeniyar Penang sun nuna ciniki ne na siyasa: Sarkin yana neman kariyar soja da kuɗin shekara, bai sami kariyar ba, har ta kai ga faɗa tsakaninsa da Light a 1791. Sunanta kuwa, Martina Rozells, irin na Katolikan nan ne masu ruwa biyu, jinin Fotugal da na mutanen yankin, waɗanda suka zauna a Phuket da Kedah kafin su ƙaura Penang. Hujja mafi ƙarfi ita ce wasiyyar Francis da kansa, domin a cikinta bai kira ta matarsa ba, ya ambace ta ne a matsayin matar da suke zaune tare tun 1772, kuma bai jingina ta da wata sarauta ba. Mutumin da ya auri 'yar sarki, yana kuma son ya kare haƙƙinta bayan ransa, da wuya ya manta da faɗin haka a takardar da ya san kotu za ta karanta. A ganina dattijon ya riƙe labarin gimbiyar a matsayin abin da gidansu ya gada a baki, ya rubuta shi da wannan sunan, kada ya sa shi a layin abin da aka tabbatar. Mu ma ai ba baƙi ba ne ga irin wannan, gidaje nawa ne suke kai salsalarsu gabas ba tare da ko warƙa ɗaya ba.

Akwai wata taska da za ta burge ka musamman. A makarantar SOAS ta Jami'ar Landan an adana wasiƙu kimanin 1,200 da suka shafi hulɗar Francis Light da sarakuna da fatake na yankin, an rubuta su da harshen Malay cikin haruffan Larabci da suke kira Jawi, wato ajaminsu. Wanda ya iya karanta ajamin Hausa ba zai sha wuyar gane haruffan ba, sai dai harshen, kuma kana zaune cikin masu shi. Wasiƙun ba littafin nasaba ba ne, yawancinsu maganar shinkafa ce da kuza da bindigogi da bashi, amma a irin waɗannan takardu ne ake ganin yadda mutanen ƙasar suke kiran mutum da iyalinsa tun kafin marubutan Turai su gyara labarin.

Francis da Martina sun haifi 'ya'ya biyar, mata uku da maza biyu. An haifi William a Kuala Kedah ranar 27 ga Afrilu 1786, ko da yake za ka ga wasu tsofaffin littattafai sun ce 1784, kuma wannan saɓanin kaɗai ya isa ya koya maka kada ka kwafi kwanan wata daga inda ba a faɗi tushensa ba. Yana ɗan shekara shida aka tura shi Ingila, gidan iyalin Doughty, abokan mahaifinsa, a ƙauyen Theberton na Suffolk. Ya fara da sojan ruwa, sannan a 1808 ya shiga rundunar sojan doki, ya yi yaƙi a Fotugal da Sifaniya a ƙarƙashin kwamandan Ingila Wellington. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Idan ka je ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew a Landan kana neman wani Kanar Light a jerin hafsoshin sojan Ingila, ba za ka same shi ba, domin ya bar aikin a 1821 bai wuce muƙamin manjo na girmamawa ba. Muƙamin laftanar kanar ya samo shi ne a 1823 a rundunar masu neman sauyi ta Sifaniya, inda aka yi masa mummunan rauni a Corunna. Laƙabin da mutum ya shahara da shi a ƙarshen rayuwarsa sau da yawa ba shi ne ke kan takardunsa na ƙuruciya ba.

Aurensa ne ya fi shafar tambayarku. Ya yi aure na farko a ƙasar Ayalan a 1821, matar ba ta daɗe ba ta rasu. A 1824 ya auri Mary Bennet, 'yar Duke na Richmond na uku wadda aka haifa ba ta hanyar aure ba, mace mai dukiya, suka yi shekaru suna yawo a tekun Bahar Rum cikin jirginsu. Auren ya watse a farkon shekarun 1830, lokacin da William yake yi wa Muhammad Ali Pasha na Masar aikin sojan ruwa, amma ba a yi saki a kotu ba, domin a Ingila ta wancan lokaci saki sai da dokar majalisa ta musamman. Mary ta ci gaba da amsa sunan Light, kuma 'ya'yan da ta haifa daga baya da wasu mazan sun tashi da wannan suna. Ga reshe guda ke nan da ke ɗauke da sunan ba tare da jinin ba, kuma duk wanda ya fito daga cikinsa zai iya nuna maka takarda sahihiya da ke cewa kakarsa matar Kanar Light ce, alhali hakan bai sa Kanar ya zama kakansa ba.

A 1836 aka naɗa shi Safiyo Janar na sabon yankin mulkin mallaka na Kudancin Ostireliya. Ya iso tsibirin Kangaroo a watan Agusta cikin jirgin Rapid, ya zaɓi wurin da za a kafa birnin a ƙarshen Disamba duk da adawar Gwamna John Hindmarsh, sannan tsakanin Janairu da Maris 1837 ya yanka fuloti 1,042 masu eka ɗaiɗai, 700 a kudancin kogin Torrens, 342 a arewacinsa. Kayan aikin ma'aikatansa sun haɗa da sarƙar awo ta ƙarfe mai tsawon ƙafa 66 da gaɓoɓi 100, mutum biyu suna ja, na gaba yana kafa ƙusa a inda ta ƙare, na baya yana tsincewa yana ƙirgawa, safiyo kuma yana rubuta adadin a littafin fili. Faɗin sarƙa ɗaya da tsawon sarƙa goma shi ne eka guda. Ƙasar da aka ja wannan sarƙa a kanta ta mutanen Kaurna ce, kuma ko da yake takardar sarauta ta Fabrairu 1836 da ta kafa yankin ta ambaci haƙƙin 'yan asalin ƙasar a kan filayen da suke zaune, ba a yi aiki da wannan sharaɗi ba wajen rabon, taswirar kuma ta fito da lambobin fuloti da sunayen masu saye kawai.

Na tsaya a kan wannan ne domin safiyo yana da wata siffa da ke ruɗin mai neman nasaba. Ba wanda ya kai shi barin takardu: taswirori, littattafan fili, wasiƙu zuwa Ofishin Mulkin Mallaka a Landan, takardun albashi, gardama a jarida. Mai bincike zai iya shafe wata guda a cikinsu yana jin yana ci gaba, alhali dukkansu suna faɗa masa inda mutumin yake a rana kaza ne, ba su faɗin wanda ya haifa. Amfaninsu a nasaba shi ne tantance wuri da lokaci. Idan wani ya ce an haifi kakansa a Penang a 1837 kuma William ne uban, littafin fili zai nuna maka cewa a shekarar da ta gabata William yana tsakanin Landan da teku da gaɓar Ostireliya, magana ta ƙare. Sunayen wurare ma kan zama alama, amma sai an yi hattara da rubutunsu. Gidan da ya gina a filinsa ya sa masa suna Theberton, don tunawa da ƙauyen da ya girma, kuskuren rubutu ya mayar da shi Thebarton, unguwar kuma har yau haka ake rubuta ta. Kwarin Barossa da ya shahara da inabi shi ma daga Barrosa ne, filin yaƙin 1811 a Sifaniya. Idan kana bincike a Trove, rumbun tsofaffin jaridun Ostireliya da ke kan intanet kyauta, ka riƙa gwada kowane suna da rubutu biyu ko uku, ka kuma tuna cewa kalmar Light a Turanci tana nufin haske, saboda haka in ba ka haɗa ta da wata kalma ba, kamar muƙaminsa ko sunan jirginsa, za a jibgo maka dubban shafuka na tallar fitila.

Babbar asarar wannan bincike ta faru ne a watan Janairu 1839, lokacin da gobara ta tashi daga bukkar maƙwabcinsa ta cinye tasa, ta tafi da littattafan tarihin rayuwarsa na shekaru masu yawa da wasiƙu da zane-zane. Ya riga ya ajiye aiki tun tsakiyar 1838 saboda saɓani a kan hanyar awo da aka umarce shi ya bi, tarin fuka kuma ya ci ƙarfinsa. Ya rasu ranar 6 ga Oktoba 1839, aka binne shi a dandalin da ke ɗauke da sunansa a tsakiyar Adelaide. Ka lura cewa rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati ba ta fara a Kudancin Ostireliya ba sai 1842, don haka duk abin da ya gabaci wannan shekara sai a littattafan cocin Holy Trinity da jaridu da wasiyyoyi. Wadda ta yi jinyarsa har ya cika ita ce Maria Gandy, wadda ta zo tare da shi a jirgin Rapid, kuma ita ya bar wa abin da ya mallaka. Ba su haihu ba. A 1840 ta auri likita George Mayo, kuma ta hannun zuriyarsu ne yawancin abin da ya tsira na takardun Light da zanensa ya isa gidajen adana tarihi na Adelaide. Masanin halayyar ma'aikata Elton Mayo jikanta ne. Ga reshe na biyu ke nan, wanda ya gaji takardun da kayan amma bai gaji jinin ba, kuma wannan abu ne da ya kamata mai bincike ya riƙe a ko'ina: takardun mamaci suna bin magajin dukiya, wanda ba dole ne ya zama ɗansa ba.

Jinin Francis Light ya gangaro ne ta 'yan'uwan William. Babbar yayarsa Sarah ta auri James Welsh, hafsan sojan Madras wanda ya kai muƙamin janar, an ɗaura auren a Kalkata a 1794, sauran matan biyu ma sun yi aure a Indiya, sai dai zuriyar mata sunan mazajensu take ɗauka, ba Light ba. Wanda ya rage shi ne ƙaninsa Francis Lanoon Light, wanda ya rayu a yankin, ya bar 'ya'ya, kuma ta wajensa ne sunan ya ci gaba a ƙasar Malaya. In da gaskiya a maganar dattijon, to a nan na fi zaton za ku same ta, kuma idan haka ne William baffan kakanninsa ne, wato ɗan'uwan kakansu na sama, Francis Light mai Penang kuma shi ne kakan nasa kai tsaye. Irin wannan zamewar daga ƙane zuwa wa abu ne da baki ya saba yi, domin bayan ƙarni biyu zuriya takan manne wa wanda ya fi suna a gidan. Ko gunkin Francis da aka kafa a Penang a 1936, wanda ke tsaye a ganuwar Cornwallis, fuskar William aka ara aka yi shi da ita, saboda ba a sami hoton uban ba.

Don cike tazarar da ke tsakanin kakan dattijon da Francis Lanoon, wuraren dubawa sanannu ne. Takardun Ofishin Indiya da ke Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya a Landan suna ɗauke da kwafin rajistar baftisma da aure da jana'iza da limaman coci suke aikawa gida daga Bengal da Madras da Penang, tare da wasiyyoyi da lissafin gado, kuma an ɗora da yawa daga cikinsu a shafukan nasaba na intanet. Na Penang sun fara ne bayan rasuwar Francis babba, kuma sun fi ƙarfi a kan mabiya cocin Ingila, saboda haka idan reshen dattijon Katolika ne sai ku nufi littattafan cocin Assumption na George Town, wanda al'ummar su Martina ta kafa tun zuwanta tsibirin, da na cocin unguwar Pulau Tikus. Jaridar farko ta Penang ta fara fitowa a 1806, jaridun Singafo na ƙarni na 19 kuma suna nan a rumbun NewspaperSG, inda sanarwar aure da ta rasuwa da ta rabon gado sukan ambaci sunan uba da na 'ya'ya a layi guda. Duk takardar da kuka samu, ku rubuta inda take da lambarta da shafinta a lokacin, kuma kada ku yarda da bishiyar nasabar da wani ya ɗora a intanet sai kun ga takardar da ya dogara da ita, domin waɗannan bishiyoyi kwafar juna suke yi har da kurakuransu.

Idan takarda ta yanke a tsakiya, gwajin ƙwayoyin halitta zai iya taimakawa, muddin an fahimci abin da yake aunawa. Gwajin da ke bin layin uba zalla yana tafiya ne daga namiji zuwa ɗansa, don haka idan dattijon ya fito daga Francis Lanoon ta maza kaɗai, waɗanda zai dace da su a Ingila zuriyar Negus ce ta Suffolk, in har Negus ne ya haifi Francis, ba masu sunan Light ba. Ɗaya gwajin, wanda ke duba gadon ɓangarorin biyu, yana raunana bayan kakanni biyar ko shida, amma yana iya haɗa shi da wani daga zuriyar Welsh idan an yi sa'a. Kafin a kai ga wannan, ka gaya wa dattijon a fili cewa sakamakon zai iya fito da abin da bai nema ba game da kakanninsa na kusa, ka bar shi ya yi shawara da 'ya'yansa, domin jinin da za a auna nasu ne su ma.